Kibiyoyin Amrei a Lambun Tumatir

Burgi: Alo? Wa ke magana?

Poldi: Yaya Burgi, ni ne, Poldi. Ina wuni?

Burgi: Au, ɗan autanmu! Ya gwiwar? Sun sallame ka?

Poldi: Da sauƙi, ina asibitin dai. Ya gidan nawa? Ya kajin?

Burgi: Lafiya lau. Sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Alo? Kana ji na?

Poldi: Ina ji. Yaya, Amrei jikata za ta zo yau. Ki hau sama, akwai tsumagu da na ɗaure a jikin sandar tsintsiya, ki ba ta.

Burgi: Tsintsiyar?

Poldi: Tsumagun! Na shinebal, bishiyar furen nan ta bayan gida. Tun hunturun bara na yanke su, na ɗaure don su bushe a miƙe. Kibiyoyi za ta yi da su, ranar Lahadi gasarta ta farko ta harbin baka, kuma ba a shiga da na kanti.

Burgi: Waɗannan siraran? To me ya kai kibiya jikin tsintsiya?

Poldi: Haka ake yi, kar su lanƙwashe. Kin gan su ke nan?

Burgi: Na gan su. Kai, sandunan nan akwai kyau! Tumatir ɗinka har ya yi fure.

Poldi: Wane tumatir kuma? Me ya kawo tumatir?

Burgi: Ba cewa ka yi in kula da lambu ba? Na ga yana kwanciya, na tokare shi.

Poldi: Da me?

Burgi: Kai ma dai, da me kuwa?

Poldi: Wayyo ni! A ƙasa kika soka su? Cikin ruwan nan?

Burgi: Ɗan baka suka yi kaɗan. Ba da baka ake harbin ba?

Poldi: Yaya, kibiya ce! Kibiya ba ta... Alo? To, shi ke nan, na bana sun tafi. Don Allah kar ki taɓa bishiyar, masu miƙewar nan su ne na baɗi.

Burgi: Waɗanda suka tashi zaƙo-zaƙo ba fure? Ai na yi mata aski, su na fara cirewa. Na bar maka masu rassa, ka ga yadda ta yi ɗas.

Poldi: Karkatattun kika bar min?

Burgi: Ni fa ka rikita ni. Mutum ya shuka fure kuma ba ya son fure? Tsaya, ana buga ƙofa. Ga Amrei ɗin ma, da gashin talotalo cike da hannu, sai tsalle take yi. Ungo, faɗa mata da bakinka.

Poldi: A'a! Kar ki ba ta! Yaya!

Amrei: Kaka! Na samo gashin da za a liƙa wa kibiyoyin, har na rina su ja! Ina sandunan nawa? Kaka? Alo? Goggo Burgi, ya kashe wayar.