Homar Maigidana a Gadon Asibiti

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, ina gaida duk mai saurare. Sunana Inno daga Argungu, maigidana masunci ne.

Bara da damina ya faɗi daga kan babur a hanyar Birnin Kebbi, kansa ya bugu da kwalta. Aka kwantar da shi asibiti, ya yi makonni bai san wanda ke kansa ba. Likita ya ce mu riƙa yi masa magana, mu kawo abin da ya saba da shi. Sai na ɗauko homarsa ta kamun kifi, wadda ɓera ya ɓula, na ɗora masa a hannu. Yayarsa ta toshe hanci ta ce, "Inno, lahiyarki ƙalau? Wanga ƙarni cikin asibiti?" Na ce, "Yaya, sai dai a kore mu tare."

Kullum sai na ɗora masa. Ran nan da hantsi na ga yatsunsa suna laluben zaren, har suka tsaya daidai ɓular. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe ido. Ko sannu ban samu ba, maganarsa ta farko ita ce, "Wa yab bar ɓera yac ci min homa?" Na yi ta dariya ina hawaye.

Alhamdu lillahi, yanzu yana takawa da sanda, ya ɗinke ɓular da kansa. Sai dai ya matsa sai ya koma gulbi, likita kuwa ya hana. Jama'a, ku ba ni shawara. Homar da ta tashe shi, yau ita nake ɓoyewa a ƙarƙashin gado.