Kartar Mijina

A tashar Jega, mata biyu da ba su san juna ba suna jiran motar Aliero ta cika.

"Yaya, karta nika gani cikin jakarki?"

"Ta mijina ce, jiya niƙ ƙwace ta. Caca ta kusa cinye muna gonar albasa. Nic ce mu buga foka sau guda, in na ci ya daina."

"Kin iya?"

"Kowa kati biyu a ɓoye, biyar a ƙasa, mai haɗi mai ƙarfi ya ci. Wanda yat tsorata ya aje nashi, ya faɗi."

"Naki sun yi ƙarfi ke nan."

"Na banza ne! Kallon da nika yi mai in ya dawo da asuba niy yi mai. Nan take ya aje."