Abin da Kiyashi Suka Riga Mu Gani

Shugaban ƙungiyar iyayen yara, darektan lekol, wato makarantarmu, malamai 'yan'uwana, iyayenmu mata da maza na Zango, assalamu alaikum. Na gode da kuka baro kasuwa da aiki kuka zo.

Ni ce Madam Lubabatu, mai aji huɗu. Bara, ɗalibata Raliya, 'yar shekara tara, ta riƙa ɗaga hannu sau biyar, sau shida kafin tashi: "Madam, zan zagaya." Na ɗauka gudun lissafi take, na hana ta. Tana shan ruwa kamar ba ta taɓa gani ba, tana ci, tana ramewa. A gida aka ce zazzaɓin damina ne, aka yi ta dama mata kunu da sukari don ta yi ƙarfi.

Kakarta, Iya Shatu, ita ta lura kiyashi na taruwa inda yarinyar ta yi fitsari. Ta ce, "Kiyashi ba sa bin gishiri. Akwai zaƙi a jikin 'yar nan." Aka yi mata dariya.

Ranar Laraba Raliya ta kama amai da ciwon ciki, numfashinta ya yi zurfi da sauri, bakinta na warin mangwaro da ya nuna ya zarce. Aka ɗora ta a kabu-kabu, ba ta gane kowa. A asibiti, Iya Shatu ta ba da labarin kiyashin. Ma'aikaciyar jinya Madam Rut ta soki ɗan yatsan yarinyar, ta duba ɗigon jini, ta ce, "Iya, kin fi mu ido. Ciwon sukari ne, har jininta ya yi tsami. Da kun kai gobe, sai dai wani zancen."

Ƙarin ruwa da allurar insulin aka yi mata, jama'a! Na zauna ina kallo, kwana biyu, har idon da ya kafe ya juyo, ta ce, "Madam." Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sa ƙwaro mafi ƙanƙanta ya karanta abin da ni mai takarda na kasa!

Don haka ina roƙonku. Ciwon sukari ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Yaro mai ƙishirwa, mai yawan fitsari, mai ramewa, a gwada jininsa ran nan. In amai da wannan numfashi suka zo, kada a tsaya jiƙo, a ruga asibiti. Mu malamai kuwa, hannun da ya yawaita tashi, a tambaye shi dalili.

Raliya, miƙe su gan ki. Ga ta nan, ita ta zo ta ɗaya a lissafi.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba ma'aikatan lafiya lada, ya ƙara wa Iya Shatu hasken ido, ya maida kowa gida lafiya. Na gode.