Tiyon Wuyana da Hannun Mama Ngozi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu, ina ɗinki a Fagge.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, gari na ta murna, ni kuwa ƙodata ta tsaya. Aka sa mini tiyo a wuya don wankin ƙoda. Likita ya ce, "Kada ruwa ya taɓa shi. In ƙwayoyin cuta suka kama tiyon nan, jini za su shiga." Na kiyaye, Allah ya sani.

Gadon da ke kusa da nawa na Mama Ngozi ne, mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, 'yar Sabon Gari. Tare muka fara. Ita aka haɗa mata jijiya a hannu don a riƙa yi mata wankin ta nan, aka cire tiyonta. Ni aka ce jijiyoyina sun yi siriri.

Kai, na yi kishi! Ta zo wuya a buɗe, har da sarƙa, ni ina rufe nawa da gyale. In ta yi dariya sai in ji kamar da ni take.

Sai zazzaɓi ya kama ni, ina rawar ɗari, bakin tiyon yana fitar da mugunya. Likita ya ce cutar ta shiga jini. Na ce, "Ubangiji, ni da nake waƙa a Zumuntar Mata? Me ta fi ni da shi?"

Mama Ngozi ta zo dubiya, na juya fuska bango. Ta zauna duk da haka.

Ta ce, "Maman Dauda, kullum mijinki na zaune yana miki fifita. Ni wa ya taɓa rako ni? In na gan ku, zuciyata zafi take."

Na juyo na dube ta. Ta kama hannuna da hannun nan da na tsani gani, ta yi addu'a da Hausarta mai gargada. Na ce amin ina kuka.

Aka cire tiyon, aka yi ta yi mini allurai, aka sa sabo a ɗaya gefen. Zazzaɓi ya sauka. Halleluya!

Har yau ina wankin ƙoda, kishin ma yakan leƙo, amma ga ni a tsaye gabanku. Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ko da kuna ganin ya fara da maƙwabcinku.