Mota Mai Ido Ɗaya

A ƙofar kotun alƙali a Kontagora, Dogo makiyayi ya kasa zama, yana kai da komo bisa sanda. Wani dattijo a kan benci ya dube shi.

"Ɗana, zauna mana. Me ya sami ƙafar?"

"Babbar mota ce, Baba, a hanyar Rijau bayan magariba. Na hangi fitila ɗaya, na ɗauka babur ne, na ba shi hanya daidai ta babur. Ashe sauran motar tana cikin duhu."

"Subhanallahi! To, direban fa?"

"Ya rantse fitilunsa biyu suna ci. Ba ni da shaida sai shanu, kuma yau alƙali zai yanke hukunci."

"Kada ka cika zargin direbobin nan. Ƙwan fitila ya yi wuya a garin nan. Ko Mika'ilu mai motar gyaɗa, wata guda yana zarya zuwa shagona neman na hagu, ban samo masa ba."

Dogo ya tsaya cak.

"Baba, ka ce Mika'ilu?"

"Ni fa shari'ar gona ta kawo ni."

"Gona ba ta gudu. Mika'ilun shi ne direban, yana ciki. Don Allah, tashi mu shiga."