Gwiwar Mijinyawa

A zauren jira na filin jirgin Hamad, can ƙasar Larabawa, Mijinyawa mai gadi ya ji wata dattijuwa tana waya da Hausa, ga 'yar kwalbar ruwa a cinyarta. Ya ɗingiso wurinta.

"Hajiya, sannu da hanya! An yi ziyara lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Mun sha addu'a, har ruwa na ɗebo."

"Don Allah ki ɗan sam mini. Gwiwar nan ce. In oga ya ga ina ɗingishi, khalas, shi ke nan, sai a kora ni gida."

Ta tsiyaya masa a tafin hannu. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya shafe gwiwa da sauran.

"Wallahi har ta saki! Kai, Zamzam ba wasa ba!"

"Wane Zamzam? Ni Ladi ce, 'yar Katolika. Cocinmu na Faransa na je, inda ake ziyarar Maryamu."

Mijinyawa ya sandare, hannu a gwiwa.

"Haba Mama, ai sai ki faɗa!"

"Ka tambaya? Hajiya ka ce, na ga ba zagi ba ne."

"To ni dai ban ce ta warke ba."

"Rantsuwa fa ka yi."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya miƙo tafin hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, ɗayar ma tana ɗan taɓa ni."