Kewayau da Sallamau

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Jega Firchin.

Bayan an ba mu sabuwar jiha, wani mai kanti ya ɓullo wa ma'aikata da kati: ka ɗauki kaya, a rubuta, sai albashi ya zo. Na ɗauki shinkafa da shadda, har rediyon ga da nake jin ka da shi. Yanzu katin ya haɗiye albashin da ban karɓa ba.

A majalisarmu har mun raɗa wa ciwon bashin ga sunaye. Kewayau shi ne ka bi ta bayan kasuwa don kada mai kanti ya hango ka. Sallamau kuwa, da an yi sallama sai gabanka ya faɗi.

Labari ya kai ƙauyenmu Gehuru wai sallamau ya kama ni. Inna ta ɗauka ciwon gaske ne, ta haɗo jiƙo, kawuna ya rako ta. Ina jin sallamar namiji na ruga bayan rumbu. Nan Inna ta iske ni tsugune, ta ce, "Wayyo, ciwon ga ya yi nisa!"

Jiƙo dai na shanye, kati yana nan. Na gaji. Masu sauraro, mi za ni gaya wa tsohuwar ga? Jibi za ta kawo wani jiƙon.